Fid da gwanin 2022 a ma'aunin iyakar Gobir: Inda 'yan takara suka sha bamban

A daren 28 ga Mayun 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, Gwamnan Sakkwato na wancan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sake hawa mumbari ya janye wa Atiku Abubakar. Da aka ƙidaya ƙuri'un jam'iyyar PDP, Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. A ranar 8 ga Yuni kuma, a dandalin Eagle Square, Bola Tinubu ya lashe tikitin APC da ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi na biye da 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152.

Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta ba masu riƙe da muƙamai damar kaɗa ƙuri'a don muƙamansu ba, sai zaɓaɓɓun deliget kaɗai. Kowace ƙaramar hukuma ta aika mutum ɗaya a PDP, uku a APC. Ke nan mutum takwas ne suka yi magana da yawun Sabon Birni da Isa a tarukan biyu, wata shida kacal bayan 'yan bindiga sun ƙona matafiya sama da ashirin a cikin mota kusa da Gidan Bawa, a Disambar 2021. Ba a kan wannan aka fafata ba. Maganar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa da lissafin gwamnoni su ne suka cika zaurukan.

Duk da haka, kuskure ne a ce duk kanwar ja ce. Akwai wuraren da masu neman tikitin suka sha bamban ƙwarai, sai dai ayyukansu na baya sun fi jawabansu bayyana bambancin.

A kan tallafin man fetur dai bakin manyansu ɗaya ne. Atiku da Tinubu da Peter Obi, wanda ya fice daga PDP zuwa Labour ana saura kwanaki a yi zaɓen, duk sun yi alƙawarin cire shi. Tinubu ya cire shi ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Mai zaɓe ba shi da wani zaɓi a nan.

Iyaka ce wuri na farko da hanya ta rabu. Ga Bagobiri, Maraɗi ba wata uwa duniya ba ce. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, wani reshe na gidan sarautar Gobir ya kafu a Tsibiri, daf da Maraɗi, kuma har yau aure da fatauci da kiwo na ƙetara layin da Turawa suka shata. Da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sannan Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, irin waɗannan garuruwa ne suka fara ji a jikinsu. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela. Atiku ya soki rufewar, ya kuma yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin sakin iyakoki. Osinbajo da Amaechi kuwa suna cikin gwamnatin da ta rufe, ko da yake Amaechi na da abin nunawa na daban: layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 yana ministan sufuri. Layin zai bi ta Katsina da Jibiya ne, bai taɓa ƙasar Sakkwato ba, amma manufarsa ita ce a mayar da cinikin Nijar kan hanyar hukuma maimakon toshe shi. Wanda ya yi nasara a cikinsu, Tinubu, shi ne ya sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, yana shugaban ECOWAS, har zuwa Maris na 2024.

Na biyu shi ne rabon kuɗi, batun da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sa wa ido, domin albashinsa a nan yake. Wike ne ya fi fito da matsayinsa fili. A Agustan 2021 gwamnatinsa ta Ribas ta yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal kan cewa jihohi ne ke da hurumin karɓar harajin VAT, Legas kuma ta bi sahu. Da wannan tsari ya tabbata, jiha irin Sakkwato, wadda ta dogara da kason da ake rabawa a Abuja, da ta yi asara mai yawa, ƙananan hukumomin da noma da kasuwa suka durƙushe a cikinsu kuma ba su da abin da za su tara da kansu. Shi ma Atiku mai goyon bayan sake fasalin ƙasa ne da miƙa wa jihohi ƙarin iko da ƙarin alhakin neman kuɗin shiga, sai dai ta hanyar gyaran kundin tsarin mulki. Rigimar ba ta mutu ba. Ta dawo a 2024 cikin ƙudirorin harajin Tinubu, gwamnonin Arewa suka yi tsaye, aka daidaita kafin a sa wa dokokin hannu a Yunin 2025.

Na uku, wanda ya fi komai nauyi a gabashin Sakkwato, shi ne wa ke da ikon mai ɗauke da bindiga. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya tilo ga ƙasa baki ɗaya. Gwamna na iya sayen motoci da biyan alawus, amma kwamishinan 'yan sanda na karɓar umarni ne daga Sufeto Janar a Abuja. Osinbajo ya fito fili ya goyi bayan 'yan sandan jihohi tun a 2018 yana mataimakin shugaban ƙasa, alhali Buhari na ɗari-ɗari da batun. Atiku ya sa shi a cikin manufofinsa. Masu adawa da shi na tsoron gwamnoni su mayar da rundunar makamin murƙushe abokan hamayya, kuma tsoron ba na banza ba ne ga wanda ya san tarihin 'yan dokan En'e a Jamhuriya ta Farko.

Tambuwal ne kaɗai a cikin 'yan takarar da wannan gobara ke ci a gidansa, kuma abin da ya yi ya nuna iyakar ikon gwamna. A Satumbar 2021 ya rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama ciki har da Isa da Sabon Birni, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Dukkansu matakan takura ne, kuma ɗan kasuwa da manomi ne suka fi ɗaukar nauyinsu. A watan da ya biyo baya aka kashe mutum sama da arba'in a kasuwar Goronyo. Mutanen Bello Turji sun ci gaba da ɗora wa ƙauyuka haraji, dubban jama'a kuma na gudun hijira a jihar Maraɗi.

Ba rashin ɗan gida a fagen ba ne matsalar yankin. Tsohon Gwamna Attahiru Bafarawa, ɗan ƙaramar hukumar Isa, ya nemi tikitin PDP a Fatakwal a Oktoban 2018, ya tashi da ƙuri'a 48, Tambuwal na da 693, Atiku 1,532. Deliget ba ya auna ɗan takara da abin da ya sani game da Gatawa ko Unguwar Lalle, kuma fom ɗin da aka sayar Naira miliyan 100 a APC da miliyan 40 a PDP a 2022 ya riga ya tace masu shiga tun kafin a zo kan manufa.

A Fabrairun 2024 Tinubu da gwamnoni suka amince a baki cewa a kafa 'yan sandan jihohi. Tabbatar da hakan na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Kafin nan, gwamnatin Ahmad Aliyu ta kafa askarawan tsaron al'umma a Sakkwato, kamar yadda Katsina da Zamfara suka yi, ba tare da cikakken ikon 'yan sanda ba. A Agustan shekarar ne Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a hanyarsa ta komawa Sabon Birni daga Sakkwato. Har gwamnatin ta cika shekara biyu a Mayun 2025, sashe na 214 na nan yadda yake.