Gina ƙananan gine-gine daga tushe a layin dogo na kwaikwayo

Gina ƙananan gine-gine daga tushe, wanda ake kira scratch building da Turanci, fasaha ce ta ƙera ƙaramin samfurin gini da hannu ta amfani da kayan da ba a riga an sarrafa ba, kamar kwali da katako da roba, domin a ɗora shi a kan shimfiɗar layin dogo na kwaikwayo. Gine-ginen da aka fi yi sun haɗa da tashar jirgin ƙasa, da ɗakin sigina, da rumbun ajiyar kaya, da gada, da masana'anta, da gidajen da ke bakin layi. Fasahar ta fi yaɗuwa a Birtaniya da Amurka da Jamus da Japan.

Wannan hanya ta bambanta da sayen kunshin da masana'anta ta yanka sassansa, wanda haɗawa kawai mai saye zai yi. Kunshin masana'anta iri ɗaya ne a hannun duk wanda ya saya, amma mai gini daga tushe yana iya kwaikwayon wani takamaiman gini na wani gari, ko da an daɗe da rushe shi.

Tarihi

Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus ya fito da tsarin jiragen wasa masu layi da ake haɗawa a shekarar 1891. Tashoshin da ake sayarwa tare da jiragen wancan lokaci galibi na gwangwani ne, kuma ba a damu da daidaita girmansu da na jirgin ba. Saboda haka duk mai son gini da ya yi kama da na gaske, dole ya ƙera da kansa.

A Ingila, John Ahern ya fara gina shimfiɗarsa mai suna Madder Valley a shekarun 1930. Yana cikin na farko da suka sa jirgi ya ratsa cikakkiyar ƙasa mai ƙauyuka da tashar ruwa, maimakon ya yi ta zagaye a kan tebur. Littafinsa Miniature Building Construction ya koya wa mutane da yawa yin gini da kwali.

A Amurka kuwa, John Allen (1913–1973) na garin Monterey a jihar Kalifoniya ya yi suna da shimfiɗarsa Gorre & Daphetid. A 1948 wani ɗakin ajiye kan jirgi da ya gina ya ci gasa, kuma ya ja hankali domin ya yi masa kama da tsohon gini mai ƙura da dauɗa, a lokacin da yawancin magina ke barin aikinsu yana ƙyalli. Gobara ta cinye shimfiɗar kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa a watan Janairun 1973.

Ma'auni

Kowace shimfiɗa tana da ma'aunin da ke nuna sau nawa aka rage girman abu na gaske. Waɗanda aka fi sani su ne:

O: 1:48 a Amurka, 1:43.5 a Birtaniya
OO: 1:76, wanda ya fi karɓuwa a Birtaniya
HO: 1:87, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya
N: 1:160 a yawancin ƙasashe, 1:148 a Birtaniya
Z: 1:220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972

Ana raba girman gaske ne da lambar ma'aunin. Misali, ƙofa mai tsayin mita 2.1 za ta koma kusan milimita 24 a ma'aunin HO, ko milimita 13 a ma'aunin N. Bango mai tsawon mita 6 zai zama kusan milimita 69 a HO. Daga nan za a gane cewa ƙaramin kuskure yana da tasiri: kuskuren milimita 1 a HO daidai yake da kusan santimita 9 a ginin gaske.

Kayan aiki

Kwali shi ne mafi araha, yana da sauƙin yankawa, kuma yana karɓar fentin ruwa, sai dai danshi yana lanƙwasa shi. Roba nau'in sitirin tana zuwa a faifai da sirara-siraran sanduna, wasu faifan ma an riga an zana musu layin bulo ko na kwanon rufi. Ana haɗa ta da wani ruwa da ke narkar da gefen sassan biyu su manne su zama ɗaya. Katako marar nauyi, irin su balsa, ya fi dacewa da ginin da asalinsa na katako ne. Ana amfani da filasta wajen bangon dutse, da faifan roba mai haske a madadin gilashin taga, da siririyar waya a madadin bututun ruwa.

Kayan hannu ba su da yawa: wuƙa mai kaifin reza, rula ta ƙarfe, ƙarfen daidaita kusurwa, hantsaki, samfefa, gam da ƙananan burushi.

Matakan gini

Bincike da awo. Magini yakan fara da tara hotuna da taswira da zanen ginin. Idan ginin yana tsaye, sai ya je ya auna. Idan an rushe shi, sai ya dogara da abin da aka san girmansa a cikin hoton, kamar ƙofa ko layukan bulo. A ginin zamani na Birtaniya, layin bulo ɗaya da simintinsa yana kai milimita 75, don haka bango mai layi 40 tsayinsa mita 3 ne.

Gwaji. Kafin a taɓa kayan kirki, ana yin ginin gwaji da tarkacen kwali a ajiye a wurinsa, a tura tarago mafi tsawo ya wuce ta gefensa, musamman a kan kwana. Idan taragon ya gogi bango, gyara a wannan mataki ba ya cin komai.

Yanka. Ana zana bangaye a kan faifai, a fara huda tagogi da ƙofofi, sannan a yanke bangon. Idan aka fara yanke bangon, siraran wuraren da ke tsakanin tagogi sukan yage. Ana bi da wuƙa a hankali sau da yawa maimakon a danna da ƙarfi sau ɗaya. Haka kuma ana rage kaurin faifan daga tsawon bangaye biyu, in ba haka ba ginin zai fi awonsa faɗi.

Haɗawa. Ana manna bangaye a daidaita kusurwa, a sa madogarai da bene a ciki don kada su karkace. Yawanci ana yin fentin bango da saka tagogi kafin a ɗora rufi. Wanda zai sa fitila a ciki yakan shafe cikin ginin da baƙin fenti, don kada haske ya ratso ta bango.

Tsufarwa. Bayan fenti, ana shafa tsinkakken fenti mai duhu ko garin alli mai launi domin nuna baƙin hayaƙi a saman ƙofar da kan jirgi ke shiga, da tsatsa a kwano, da sawun ruwan sama a ƙarƙashin taga.

Dasawa. A ƙarshe ana ɗan nutsar da gindin ginin cikin shimfiɗar, a rufe bakinsa da yashi ko ciyawar kwaikwayo. Ginin da aka ajiye kawai a sama yakan bar baƙin layi a ƙasansa, wanda ke tona cewa abin wasa ne.

Dabarun rage wuri

Masana'antar gaske mai tsawon mita 200 za ta ci fiye da mita 2 a HO, wanda ya fi ƙarfin ɗakin mutane da yawa. Saboda haka magina kan rage yawan sassan da ke maimaituwa, misali jerin tagogi goma sha biyu ya koma bakwai, amma a bar kamannin ginin yadda za a gane shi. Wata dabarar ita ce gina fuskar gini kawai a jingina ta da bangon baya. Wasu kuma sukan yi gine-ginen can baya da ma'auni mafi ƙanƙanta, don ido ya ɗauka suna da nisa.

Adana tarihi

Gidan tarihi na Pendon da ke ƙauyen Long Wittenham a yankin Oxfordshire na Ingila shi ne fitaccen misalin amfani da wannan fasaha wajen adana tarihi. Roye England, ɗan ƙasar Ostareliya da ya zo Ingila a 1925, ya ga ana rushe tsofaffin gidajen jinka na kwarin White Horse ko ana sauya musu kama. Sai ya riƙa auna su yana ɗaukar hotunansu, kuma a 1931 ya fara gina samfurinsa na farko. Ya kafa gidan tarihin a 1954. Ana yin gine-ginen Pendon da kwali a ma'aunin 1:76, ana zana bulo ɗaya bayan ɗaya da fentin ruwa. Da farko da gashin mutum ake yin jinkar, daga baya aka koma ga zaren da masu gyaran famfo ke naɗawa a mahaɗar bututu. Shimfiɗar Madder Valley ta John Ahern ma tana ajiye a can.

A yau

Na'urar yanka da hasken lesa da na'urar buga abu mai siffar 3D sun sauƙaƙa yin ƙananan sassa kamar tagogi. Wannan ya jawo muhawara a tsakanin masu sha'awar fasahar: wasu na ganin duk abin da mutum ya zana da kansa a kwamfuta aikinsa ne, wasu kuma na ganin sai wanda aka yanka da hannu. Ƙungiyar NMRA ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, tana shirya gasa inda ake ba da maki a kan yawan abin da magini ya ƙera da kansa.

Cikin sanannun masu wannan sha'awa akwai mawaƙin Birtaniya Rod Stewart, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana gina samfurin wani birnin Amurka na shekarun 1940 a ma'aunin HO. Ya yi wasu daga cikin dogayen benayen birnin ne a ɗakin otal lokacin da yake yawon wasa.