Masu Bin Tseren Mota Da Masu Jirgin Kan Tebur: Ashe Ƙishirwarsu Ɗaya Ce

Uwargida, da za a ce maki wani basarake ya ɗebi matarsa da 'ya'yansa sun tashi takanas ta Kano zuwa wata ƙasa don kawai su kalli kayan wasa, ƙila ki ce zancen shan iska ne. To amma hakan ta faru a watan Afrilun 2024, lokacin da Yarima Albert na Monako ya je birnin Hambog na ƙasar Jamus tare da iyalinsa. Abin da ya kai su shi ne wani gida mai suna Miniatur Wunderland, inda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka shimfiɗa layin dogo na kwaikwayo wanda ya fi kowane girma a duniya. Tun shekarar 2001 aka buɗe gidan, kuma tsawon dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 16, ga 'yan ƙananan jirage sama da 1,000 suna kai da komo tsakanin garuruwa da duwatsu da gadoji. Duk bayan minti 15 sai a rage fitilu, dare ya yi, tagogin 'yan gidajen su haskaka.

Sabon ɓangaren da Yariman ya je buɗewa garinsa ne aka ƙera, wato Monako, har da titunan da ake tseren motocin Formula 1 a kansu. Kowace mota ba ta wuce tsawon yatsa ba, kuma ba a kan dogo take tafiya ba. Mayen ƙarfe ne da lantarki a ƙarƙashin titin suke jan ta, kwamfuta tana ba kowace umarni, har wata ta wuce wata. A ɗaki guda ke nan aka haɗa abubuwa biyu da suka daɗe suna cin lokaci da kuɗin magidanta a Ingila da Jamus, wato bin tseren mota da kuma harhaɗa jirgin ƙasa na kan tebur.

A ido, abubuwan biyu hannun riga ne. Ɗaya gudu ne da ƙara da ƙura, ɗaya kuwa mutum ne zaune shi kaɗai da tabarau, yana manna ɗan bishiyar da bai kai tsinken ashana ba. Amma sau da yawa mutum guda ne ke riƙe da su duka biyu. Ranar Lahadi yana gaban talabijin yana ƙirga sakan-sakan, da daddare kuma ya haye ɗakin saman rufi wurin jiragensa. Hatta 'yan kasuwa sun san da haka, domin kamfanin Hornby na Ingila, wanda ya fara ƙera jiragen wasa a 1920, shi ne kuma ya shafe shekaru masu yawa yana mallakar Scalextric, wato 'yan motocin tsere na lantarki da ke gudu a cikin tsaga. Cikin direbobin kansu ma akwai Riccardo Patrese ɗan Italiya, wanda ya shiga tseren Formula 1 har sau 256 tsakanin 1977 da 1993, ya kuma lashe na Monako a 1982. An san shi da tara ƙananan jiragen ƙasa, musamman na kamfanin Märklin na Jamus. Mutumin da sana'arsa ita ce gudun kilomita 300 a awa, hutunsa shi ne kallon ɗan jirgi yana rarrafe a kan tebur.

Idan aka duba da kyau, ba gudun ne kawai ke jan masu bin tsere ba. Wanda ya san harkar, hankalinsa yana kan taya da birki da mai, da kuma yadda makanikai kusan 20 suke sauya taya huɗu cikin abin da bai kai sakan 3 ba. Son sanin yadda inji yake aiki ne, kuma wannan son shi ne dai yake zaunar da mutum a gaban wayoyin lantarkin jirginsa har tsakar dare.

Tseren da ya ratsa ƙofar gidajenmu

Tseren mota iri biyu ne manya. Akwai na zagaye, irin Formula 1 da aka fara gasarsa ta duniya a 1950, inda motoci ke tashi tare suna zagaya hanya ɗaya. Akwai kuma rali, inda ake sakin motoci ɗaya bayan ɗaya a hanyar daji ko dutse ko ƙanƙara, agogo ne alƙali. A rali direba ba ya tafiya shi kaɗai. A gefensa akwai mai karanta masa hanya daga takarda, yana faɗa masa kwana na gaba da tsananinta tun bai gan ta ba. In ya yi kuskuren layi ɗaya, to sai dai Allah Ya kiyaye.

Wannan na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Motar Peugeot 504, Fijon nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, ita ce ta lashe ralin Safari na Kenya a wannan shekarar, kuma irin wannan nasara tana cikin abin da ya ƙara mata suna a matsayin motar da ba ta tsoron mugun titi. Sai kuma tseren Faris zuwa Dakar, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka gani da idonsu. Wani Bafaranshe ne mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro shi, bayan ya ɓata a hamada a kan babur a 1977. Aka tashi daga Faris ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, aka bi ta Aljeriya, aka shigo Agadas da Yamai, aka wuce Mali, amma 74 ne kawai suka isa Dakar. Shekara da shekaru bayan nan, in watan Janairu ya kama, Agadas takan cika da baƙi da jirage da manyan motoci, masu masauki da 'yan jagora da maƙeran azurfa su yi ciniki. Shi kansa Sabine a cikin tseren ya mutu, a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986, aka watsa tokar gawarsa a gindin wata bishiya tilo a hamadar Tenere.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus ta lashe tseren Dakar ɗungurungum a 2001 da mota ƙirar Pajero, ta kayar da duk mazan da suka shiga. Kafin ita akwai Michèle Mouton 'yar Faransa, wadda ta ci manyan tseren rali huɗu da motar Audi, ta zo ta biyu a gasar duniya ta 1982. Mai karanta mata hanya ita ma mace ce, Fabrizia Pons.

Sai dai akwai ɓangaren da mai kallo daga kujerar falo ba ya cika tunawa da shi, kuma shi ne ya fi taɓa zuciyar uwa. Direban da ya shiga tsere ya san abin da ya shiga, yana da hular kwano da ɗamara da likita a jirgin sama. Yaron ƙauye da ya ji ƙara ya rugo bakin hanya ba shi da ko ɗaya. A tseren 2006 kaɗai, an kaɗe yaro ɗan shekara 10 a Gini, washegari kuma wani ɗan shekara 12 a Senegal, duk suka rasu. Ba su ne na farko ba. A ganinmu, duk wanda zai ba da labarin wannan tsere bai ambaci yaran nan ba, rabin labari ya bayar. Rashin tsaro ne dai daga baya ya kori tseren daga Afirka: a 2000 sai da aka kwashe motocin a jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke shi baki ɗaya saboda barazana a Muritaniya. Daga 2009 aka mayar da shi Kudancin Amurka, a 2020 kuma aka kai shi Saudiyya, sunan Dakar ɗin ne kawai ya rage.

A Turai ma sai da jini ya zuba kafin a gyara. A 1986 mota ta kutsa cikin 'yan kallo a ralin Fotugal ta kashe mutum uku, bayan wata biyu Henri Toivonen da mai karanta masa hanya suka ƙone a tsibirin Kosika, sai hukuma ta haramta wannan rukunin motoci masu tsananin ƙarfi. Mutuwar Ayrton Senna ranar 1 ga Mayu 1994 ita ta sa aka sake fasalin motocin Formula 1 da hanyoyinsu. Wannan ya kamata samarinmu masu wasa da mota a ranar ɗaurin aure su sani. Abin da suke gani a talabijin ana yin sa ne a rufaffiyar hanya, da shinge da motar kashe gobara a gefe. Su kuwa a tsakiyar unguwa suke yi, inda yara ke dawowa daga Islamiyya.

Jirgin da ke cinye ɗaki

Shi jirgin kan tebur ba ya kashe kowa, sai dai aljihu. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya ana kiran sa HO, inda ake rage komai sau 87, mutum ya koma kamar santimita 2, faɗin dogo kuma milimita 16.5. Turawan Ingila sun fi son nasu mai suna OO, wanda ake ragewa sau 76. Kan jirgi guda ɗaya mai kyau yana iya haura fam 200, ban da taragu da dogo da na'urar sarrafawa. Kuma abin ba ya ƙarewa. Mawaƙin nan Rod Stewart ya shafe shekara 23 yana gina wani birnin Amurka na kwaikwayo da layin dogonsa a saman gidansa, kafin ya nuna wa duniya shi a kammale a 2019.

Don haka matan masu wannan sha'awa suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Ɗakin baƙi ya zama tasha, teburin cin abinci ya cika da gam da fenti, kuɗin da aka ware don gyaran rufi ya koma tarago. Abin da ke kawo rigima yawanci shi ne ɓoye farashi, ba jirgin kansa ba, kamar dai yadda take faruwa a nan tsakanin uwargida da maigida mai kiwon tantabaru ko doki. Amma fa a yi adalci, mai jirgin tebur a gida yake kwana, an san inda yake, kuma ƙofar ɗakinsa tana iya buɗuwa ga yara.

Nan ne amfanin yake. Wanda zai shimfiɗa dogo dole ya koyi kafinta, ya koyi haɗa waya da like ta da dalma, ya iya lissafin ma'auni, ya iya fenti, ya kuma koyi haƙurin kwance abin da ya ɓaci ya sake. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu jirgin tebur a 1946. Waɗanda ke kwanciya a ƙarƙashin tebur suna haɗa wayoyin sigina, daga cikinsu ne aka samu wasu daga gwanayen farko na rubuta manhajar kwamfuta. A ɓangaren tsere kuma, Lewis Hamilton, wanda ya zama zakaran duniya sau 7, da 'yar motar wasa mai rimot ya fara, wadda mahaifinsa ya saya masa yana ƙaramin yaro. Da abin ya yi nisa, uban ya riƙa haɗa aiki biyu zuwa uku don biyan kuɗin, bisa sharaɗin yaron zai dage da karatu.

Duk da haka a Ingila masu jirgin tebur suna kukan tsufa. A farkon 2024 shagon Hattons, wanda aka kafa a Libaful tun 1946, ya rufe, kuma ƙungiyar Warley ta daina shirya babban baje kolinta na Bamingam, tana mai cewa 'ya'yanta sun manyanta, matasa ba su shigo ba. Kafin nan, a Mayun 2019, wasu samari huɗu suka fasa ɗakin taron wata makaranta a garin Stamford cikin dare, suka farfasa kayan da ƙungiyar Market Deeping ta jera don baje koli, aikin shekaru masu yawa na dattawa. Hotunan ɓarnar sun girgiza mutane, cikin 'yan kwanaki aka tara masu sama da fam 100,000, Rod Stewart shi kaɗai ya ba da 10,000.

Mu a nan ba mu da shagunan irin waɗannan jirage, kuma ba muna cewa a je a nemo su ba. Amma irin wannan ƙishirwa tana cikin gidajenmu tuntuni. Yaron da ya tsinci kara ya fere shi ya yi mota, ko ya lanƙwasa waya ya yanko taya daga tsohon silifas, ya sa mata dogon sitiyari yana tuƙawa a tsaye, abin da Bajamushen nan yake yi da kuɗi shi ne yake yi da hannu. Sau nawa muke share masa su mu zuba a bola da sunan tarkace? Wani lokaci har da duka, wai ya ɓata tsakar gida. Mun fi sakin fuska in ya zauna shiru da waya a hannu yana wasan tseren mota na allo, alhali wannan ba ya koya masa ɗaure ko ƙusa ɗaya.

Wadda ta ga ɗanta ko 'yarta da wannan hali, kwali ɗaya ya isa a ba shi ya riƙa adana kayansa, da lungu guda da aka san nasa ne. A lura da gefen gwangwani saboda yanka, kada a bar shi da reza shi kaɗai, in kuma ya kai ga sa wa motarsa fitila, batirin tocila ya ishe shi, kada ya kusanci soket. Ƙananan batura masu kama da maɓalli da 'yan mayen ƙarfe kuwa a nisanta su daga ƙannensa masu rarrafe, domin haɗiye su yana iya huda hanji ko ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, kuma wanda ya haɗiya asibiti za a nufa da shi nan take ba tare da jiran alama ba.