Gidan Gasasshen Nama a Ƙasar Ajantina

A ƙasar Ajantina, can ƙarshen nahiyar Amurka ta Kudu, shanu sun fi mutane yawa. Ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna mutanen ƙasar wajen miliyan 46 ne, shanunsu kuwa sun haura miliyan 50. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in muka ji cewa baƙon da ya sauka a Buenos Aires, babban birnin ƙasar, abu na fari da ake tambayarsa shi ne ko ya riga ya ci namansu. A wannan wata muna so mu kai masu karatu cikin ɗaya daga manyan gidajen cin nama na birnin, mu ga abin da ake ci, da yadda ake gasa shi, da dalilin tsadarsa. Za mu kuma ga wani abu mai sa tunani, wato yadda abincin makiyayi matalauci ya koma abincin masu hannu da shuni.

Asalin shanun

Kafin zuwan Turawa ba saniya ko ɗaya a nahiyar Amurka. Mutanen Sifen ne suka kawo su cikin jiragen ruwa. A 1580, sa'ad da Juan de Garay ya sāke kafa garin Buenos Aires, ya zo da shanu daga Asuncion, babban birnin Faraguwai na yanzu. A bayan garin akwai wani makeken fili shimfiɗaɗɗe mai ciyawa da ruwa, wanda ake kira Pampas. Waɗansu shanun suka tsere cikinsa, suka hayayyafa ba mai kiwo, har suka zama kamar namun jeji.

Masu bin shanun nan a kan dawakai su ake kira gaucho. A zamanin nan fata ce abin kuɗi. Sukan kā da sa, su feɗe fatar, su yanki abin da za su ci, su bar sauran wa tsuntsaye da karnuka. Abin da suka yanka sukan soke shi a jikin ƙarfe, su kafa a gefen wuta, su barbaɗa gishiri, in ya nuna kowa ya yanka da wuƙarsa. A mayankar birni kuma, hanji da ƙoda da sauran kayan ciki matan talakawa da bayi ne suke kwasa, gama ba mai sayensu.

Abin da ya juya al'amarin shi ne sanyi. A 1876 wani jirgin ruwan Faransa mai suna Le Frigorifique ya iso Buenos Aires da nama a cikin ɗakin sanyi. Daga nan aka gane ana iya kai nama Turai bai ruɓe ba. Masu garke suka kewaye filayensu da waya, suka sayo bijimai masu tsoka daga Birtaniya, irin su Hereford da Aberdeen Angus, wanda aka fara kawowa a 1879. Ingila ta zama babbar kasuwarsu, nama kuma ya zama dukiya.

A bakin ƙofa

Gidan gasa nama da ƙarfen da ake gashin a kansa suna ɗaya gare su, parrilla, mutanen birnin kuwa suna furta shi kamar "parisha". Akwai su a kowace unguwa, manya da ƙanana. Wanda ya fi suna a shekarun nan shi ne Don Julio, a unguwar Palermo, wanda Pablo Rivero da iyayensa suka buɗe a 1999. A 2020, da kuma 2024, an sa shi na ɗaya a jerin gidajen abinci hamsin mafiya kyau na ƙasashen Latin Amurka. A watan Nuwamba 2023 littafin Michelin, wanda kamfanin tayoyin motar nan na Faransa yake bugawa don auna gidajen abinci, ya ba shi tauraro. Da Lionel Messi ya je cin abinci a can a watan Maris 2023, bayan sun ciwo kofin duniya, jama'a suka cika titi maƙil suna jiran fitowarsa.

A irin wannan gida ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum yakan kama tebur tun da sauran makonni, in ba haka ba ya tsaya a layi a bakin titi. Kada kuma a yi sammako, gama mutanen Ajantina ba su cin abincin dare kafin ƙarfe tara. Wanda ya je ƙarfe bakwai zai tarar da baƙi 'yan'uwansa kaɗai.

Da shigarmu, abin da ido zai fara gani shi ne wuta. Ba a ɓoye ta a bayan gida, a fili take inda kowa zai ga mai gashi yana aikinsa. Ana hura ta a gefe guda da itace ko gawayin wata bishiya mai suna quebracho, wato "mai karya gatari", saboda taurinta. Kamar ƙiryar da maƙeranmu suke nema take, garwashinta yana daɗewa bai mutu ba. Sai wutar ta ci ta faɗi, sa'an nan mai gashi ya ɗebo garwashi da shebur ya baza a ƙarƙashin ƙarfen. Harshen wuta ba ya taɓa nama. A gidaje da yawa sandunan ƙarfen suna da kwari a tsakiya, an kuma ɗan karkata su, domin kitsen da ya narke ya gangara cikin wani kwano, kada ya ɗiga a garwashi ya ta da hayaƙi mai ɗaci. Akwai kuma abin juyawa da ake ɗaga ƙarfen ko a sauke shi gwargwadon zafin da ake so.

Wanda ya saba da tsire zai nemi yaji da ƙuliƙuli, ba zai samu ba. Gishiri mai tsakuwa kaɗai ake sa wa naman. A ganinsu nama mai kyau ba ya bukatar a rufe ɗanɗanonsa da kome.

Abinci bi da bi

Ba a kawo kome gaba ɗaya. Da fari sai burodi da wani haɗi da ake kira chimichurri, wanda ake yi da ganyen faski, da tafarnuwa, da mai, da ruwan tsami, da ɗan barkono kaɗan. Sa'an nan empanada, wato ƙullin fulawa da aka cusa wa yankakken nama da albasa da ƙwai. Akwai kuma provoleta, wani faifan cuku mai kauri da ake gasawa har bayansa ya yi ɓawo, cikinsa ya narke.

Bayan wannan sai kayan ciki. Hanjin nan da dā ake bar wa talakawa, yau ana kawo shi a faranti mai tsada da sunan chinchulines. Wanda ya fi su daraja shi ne molleja, wani farin nama mai taushi da ake cirowa daga wuyan ɗan maraƙi ko kusa da zuciyarsa, a gasa shi a hankali, a matsa masa lemun tsami. A nan ya kamata mu ja kunnen masu karatu. Tsiran hanji biyu da ake kawowa a wannan lokaci, chorizo da morcilla, na farin yawanci da naman alade a ciki, na biyun kuwa da jini ake yinsa. Wanda ba ya cin waɗannan sai ya faɗa tun da wuri, ba mai jin haushinsa.

Sai a zo kan babban nama. Mahautan Ajantina suna da nasu tsarin yanka, kowane yanki da sunansa. Bife de chorizo tsokar gadon baya ce mai kitse a gefe, ba ruwanta da tsiran alade ko da yake sunan ya yi kama. Ojo de bife daga saman haƙarƙari yake, kitse ya ratsa cikinsa. Lomo ya fi duka taushi da tsada, amma masana nama da yawa suna cewa ya gaza sauran ɗanɗano. Entraña siririyar tsoka ce daga cikin ƙirji. Tira de asado kuwa haƙarƙari ne da aka datsa a gicciye da zarto, yakan yi sa'a biyu ko fiye a kan garwashi. Yanki ɗaya yakan kai rabin kilo, don haka mutum biyu sukan raba, ba kuwa abin kunya ba ne.

Mai hidima zai tambaya yadda muke so a gasa. Kalmomi uku sun isa: jugoso, wato cikinsa da sauran ja da ruwa; a punto, tsaka-tsaki; cocido, wanda ya nuna sarai. A wani gida mai suna La Brigada, a unguwar San Telmo, masu hidima sukan yanka naman da cokali a gaban baƙo don ya ga taushinsa. Abin haɗawa ba shi da yawa: latas da tumatir da albasa, ko soyayyen dankali. Yawancin masu cin suna shan ruwan inabi mai suna Malbec, daga lardin Mendoza, har a Don Julio an jera kwalaben da baƙi suka sa wa hannu a jikin bango. Wanda ba ya sha sai ya nemi ruwan soda, wanda mutanen ƙasar suke sha ƙwarai. A ƙarshe a kawo abin zaƙi da dulce de leche, wato madara da sukari da aka dafa sa'o'i har suka yi kauri suka yi ja.

In an gama ci ba a tashi. Ana zama a ci gaba da hira, wani lokaci har sa'a guda, suna kuma da suna domin wannan zama, sobremesa. Mai hidima ba zai kawo takardar kuɗi ba sai an nema. A cikinta za a ga wani ƙaramin kuɗi na zama da burodi, cubierto, ban da kashi 10 cikin 100 da aka saba bari domin mai hidima.

Me ya sa tsada?

Abin da ake biya a nan lokaci ne. Tun daga 1996, da aka yarda a shuka sabon irin waken soya, manoma suka ga ya fi kiwo riba, suka nome filayen ciyawa da yawa. Shanu masu ɗumbun yawa suka koma cikin shinge, ana ɗura musu masara su yi ƙiba da sauri. San da aka bari ya yi kiwo a fili yana ɗaukar watanni da yawa fiye da na shinge kafin ya kai yanka, irinsa kuwa manyan gidajen nan suke alfahari da shi. Bayan yanka sukan ajiye naman a ɗakin sanyi makonni, domin tsokar ta saki da kanta, ta yi taushi. A ƙara da sa'o'in da mai gashi yake tsaye a gaban wuta. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse. Ciyawa da garwashi da jira, waɗanda gaucho ya samu kyauta, su ne yau aka sa wa kuɗi.

A wajen ƙofa

A 1956 kowane mutumin Ajantina, in an raba daidai, ya ci naman shanu wajen kilo 100 a shekara. A 2024 abin bai kai kilo 50 ba, rabon da a ga ƙasa da haka an yi kusan shekara ɗari, kaza kuma ta kamo saniya a tukunyar gida. Sauyin ɗabi'a yana ciki, amma babban dalili aljihu ne. A 2023 farashin kaya ya tashi da kashi 211 cikin 100. A farkon rabin 2024 fiye da rabin mutanen ƙasar suna cikin talauci bisa ga lissafin gwamnati, ko da yake adadin ya sauko daga baya.

Gwamnatoci sun gwada maganin abin. A 2006 Shugaba Nestor Kirchner ya hana fitar da nama waje domin ya yi araha a gida. Makiyaya suka ga ba riba, suka yi ta sayar da shanun haihuwa, fari kuma ya zo ya ƙara, cikin 'yan shekaru garken ƙasar ya ragu da wajen miliyan 10, nama ya ƙara tsada. An sāke hanawa na wata guda a 2021. A shekarun nan ƙasar Sin ce ta sayi mafi yawan naman da aka fitar. Ta haka baƙo daga Amurka ko Birazil yakan ci a dare ɗaya abin da ma'aikacin birnin zai yi dogon tunani kafin ya kashe.

Duk da haka mutanen ƙasar ba su bar al'adarsu ba. Ran Lahadi iyali sukan taru a bayan gida, kakanni da jikoki, a hura wuta tun da hantsi. In babu kuɗin gadon baya a sayi haƙarƙari, ko kaza. Magina ma sukan haɗa kuɗi ran Juma'a su gasa nama a wurin aiki da guntayen katako. Sa'ad da aka kawo naman, wani yakan ɗaga murya ya ce a tafa wa mai gashi, kowa kuwa ya tafa. Mutanen Ajantina da yawa za su gaya mana cewa wannan ne gashin gaske, na manyan gidaje kwaikwayonsa ne.

Wanda Allah ya kai shi Buenos Aires, yana kuma da hali, ya shiga ya ci sau ɗaya, ba laifi, muddin bai ci bashi domin haka ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Mu da ba za mu je ba, abin da ya fi amfani a wurin ba ya bukatar kuɗin jirgi. Maigida ya sayi abin da aljihunsa ya iya, ya bar wuta ta faɗi kafin ya ɗora, ya kira matarsa da 'ya'yansa su ci tare, a gode wa wanda ya sha hayaƙi, in an gama kuma kada kowa ya yi hanzarin tashi.