Gina manhaja cikin sauri

Gina manhaja cikin sauri, wanda ake kira RAD a taƙaice, wata hanya ce ta ƙirƙirar manhajar kwamfuta da waya inda ake fara yin ƙaramin samfuri, a miƙa shi ga waɗanda za su yi aiki da shi su gwada, a gyara bisa abin da suka faɗa, sannan a sake gwadawa har ya biya buƙata. Tushen hanyar shi ne mutane ba sa iya faɗin duk abin da suke so sai sun ga abu a gabansu.

Tarihi

Kafin wannan hanya, tsarin da aka fi bi shi ne na magangarar ruwa, wanda Winston Royce ya bayyana a 1970. A cikinsa ana rubuta dukkan buƙatu tun farko, kuma ba a shiga wani mataki sai an gama na baya, don haka kuskure yakan bayyana bayan an kashe kuɗi da lokaci. A 1986 Barry Boehm ya gabatar da tsarin zagaye-zagaye mai amfani da samfuri. James Martin, ɗan Ingila wanda ya yi aiki a kamfanin IBM, ya tsara hanyar a littafinsa Rapid Application Development na 1991. A 2001 masana 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta ɗora a kan irin wannan tunani.

Matakai

Martin ya raba aikin kashi huɗu: tsara buƙatu, zana samfuri tare da masu amfani, gina manhajar, da miƙa ta ga masu aiki tare da horar da su.

Misali

Idan za a yi manhajar rajistar mata masu awon ciki a asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Gwaram ko Birnin Kudu a jihar Jigawa, ungozoma ce za ta fara gwada samfurin. Ita ce za ta lura cewa wasu matan ba su san ranar haihuwarsu ba, ko kuma intanet na yankewa. Sai a gyara fom ɗin kafin a raba shi ga sauran asibitoci. Manhajar ODK, wadda aka yi amfani da ita a ayyukan rigakafin shan inna a arewacin Najeriya, ta dace da irin wannan aiki, domin tana aiki babu intanet kuma sauya fom ɗinta ba wuya.

Matsaloli

Hanyar ba ta tafiya idan masu amfani ba su da lokacin gwaji. Gaggawa kan sa a yi sakaci da tsaron bayanai da rubuta bayanin aiki. Ba ta kuma dace da manhajar da kuskure a cikinta zai iya jawo asarar rai ba, kamar ta sarrafa jirgin sama.