Noman Farko da Maimai a Cikin Baki

Babu manomin garin Utai da zai yi wa gonarsa ta gero noman farko, ya rataye fartanya, ya ce shi da ciyawa sun rabu ke nan. Ya san in ruwa ya samu, kafin mako uku ta sake kunno kai, shi ya sa akwai maimai. Ba ya kuma jin haushin ƙasa don ta fitar da ciyawa, ƙasa mai rai haka take. Fargabarsa ɗaya ce, kada ciyawar ta sha kansa. Da za mu yi wa bakinmu irin wannan lissafi, da yawancin haƙoran da suke zube wa mutane tun ba su kai hamsin ba suna nan daram.

Ciwon dasashi yana farawa ne da ɗan jini a kan asuwaki, ko ja-ja a ruwan kuskurar baki wajen alwala. Sai mutum ya ce asuwakin ne bai yi laushi ba, ko kuma goro ne. Alhali lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi. Jinin nan sanarwa ce cewa kumburi ya fara.

Baki gida ne na ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Masana sun ƙirga nau'i kusan 700, galibinsu ba su da illa, kuma ba mai iya raba baki da su. Suna haɗuwa su yi farar dauɗa mai yauƙi a daidai inda haƙori ya shiga dasashi, irin wadda ake kankarowa da farce. A goge ta da asuba, kafin dare ta fara dawowa. A 1965 wani likitan haƙori, Harald Löe, da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun sa mutane masu lafiyar baki suka daina gogewa gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda ya warware, ba tare da an ba su ƙwaya ko ɗaya ba. A wannan gaɓa ciwon yana juyuwa, fartanya kaɗai ta isa.

Wahalar tana zuwa ne in an bar gonar. Dauɗar da ta kwana ta wuni tana haɗuwa da sinadaran yawu ta daskare, ta zama tauri kamar tsakuwa, ruwan ɗorawa ko baƙa, wadda buroshi da asuwaki ba sa iya ɓamɓare ta. Dasashi ya fara sakin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A lafiyayyen baki zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba. A mai ciwo yakan kai 5, 6, har fiye. Can ƙasa inda iska ba ta isa, nau'o'in da suka fi ɓarna suke samun wurin zama. Duk wanda ya taɓa fama da ƙuduji ya san wannan hali: tun yana ƙarƙashin ƙasa ya riga ya kama saiwar dawa yana tsotsa, ranar da furensa ya bayyana a sarari an riga an yi asarar. Haka mai wannan ciwo yake shafe shekaru ba zafi ba zogi, sai warin bakin da iyali suke jin nauyin faɗa masa, sai ranar da ya ji turmi yana rawa.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mafi yawan ɓarnar jiki ne yake yi wa kansa. Ƙwayoyin cutar su suke tsokana, jiki ya turo jini da dakarun kariya, wurin ya kumbura. Kumburin kwana biyu taimako ne. Amma wanda aka yi shekaru ana yi, shi yake narkar da zaren da ya ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙin da yake zaune a ciki. Ƙashin da ya tafi kuwa, galibi ba ya dawowa. Shi ya sa aikin magance ciwon yake da fuska biyu: rage taron ƙwayoyin, da kwantar da kumburin. Ciwon suga da ba a kula da shi yana rura shi, shi ma ciwon dasashi yana hana suga daidaita. Bincike ya nuna cewa gyaran dasashi yana ɗan sauke awon suga na wata uku. Sigari kuma mugunta biyu take yi, tana hanzarta ciwon, tana kuma takure jijiyoyi ta ɓoye jinin da zai tona shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke garzayawa kemis. Dasashi ya yi mugunya, a sayo Flagyl da jan kafso, a sha kwana uku, kumburi ya lafa, a ce an warke. Ƙwaya ba ta ratsa daskararriyar dauɗa, saiwar tana nan, za ta sake tohowa, ga kuma ƙwayoyin cuta suna koyon bijire wa magani. Ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari suna rage raɗaɗi, ban raina su ba, amma ba sa kankare komai. Gonar da ta zama jeji sai an shiga da hannu. Wannan shi ne aikin da ake kira wankin haƙori: likita ya auna zurfin ramukan, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ya kankare sama da ƙarƙashin dasashi. Masu cewa wankin yana sa haƙori rawa ko ya buɗe giɓi sun ga abin da dauɗar ta ɓoye ne kawai, ramin ya riga ya daɗe.

Likita noman farko kawai zai yi maka, maimai naka ne, safe da dare. Asuwaki sunna ce kuma yana aiki ƙwarai in an tauna kansa ya yi laushi, aka bi gindin kowane haƙori ciki da waje, ba na gaba kaɗai da ake nunawa wajen murmushi ba. Da shi da buroshi mai laushi da man goge baki ba kishiyoyi ba ne. Tsakanin haƙora ma yana son sakace a hankali, ba da allura ko tsinken ashana ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutum sama da biliyan ɗaya ne suke ɗauke da mai tsananin wannan ciwo, kusan kashi 19 cikin 100 na manya. Mutumin Utai da ya ga jini ya wuce mako biyu duk da yana gogewa, ya fara da Babban Asibitin Wudil. In aikin yana son ƙwararru, akwai sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada ya shiga da cewa a cire masa haƙori. Ya nemi a auna masa dasashi, a gwada sugansa, a kuma faɗa masa watan da zai dawo, domin wanda ramukansa suka yi zurfi akan so a sake duba shi duk bayan wata uku zuwa shida.