Masu aiki a bakin hanya, ku sa ido a kan masu fataucin mutane

Ƴan'uwa masu karatu, da yawa daga cikinmu a bakin hanya suke samun abincinsu. Akwai mai shayi, da mai tuwo-tuwo, da mai faci, da mai saida man mota. Akwai ɗan kamasho da yaron mota a tasha. Akwai mai kula da ɗakunan baƙi a otal ko a gidan fatoma. Kullum matafiya suna ratsawa ta gabansu. Mafi yawan matafiyan nan halaliyarsu suka fito biɗa. Amma a cikinsu akwai waɗanda aka yaudara, za a kai su inda wani zai ci guminsu. Yau za mu yi bayani a kan yadda ake gane su, da inda ake kai labari.

Mine ne fataucin mutane?

Abu uku ne ke haɗuwa. Na ɗaya, a ɗauki mutum, ko a yi jigilarsa, ko a ɓoye shi a wani gida. Na biyu, a yi haka da ƙarya, ko da tsoratarwa, ko da ƙarfi, ko a ɗaure shi da bashi. Na uku, nufin shi ne a ci moriyarsa: a sa shi bara, ko aikatau ba biya, ko aikin ƙarfi a ramin zinariya, ko a tilasta wa mace karuwanci.

In yaro ne wanda bai kai shekara 18 ba, ko ba a yi masa ƙarya ba, ko ba a tsorata shi ba, laifin ya tabbata. Yardar uwa ko ta uba ba ta wanke mai laifi.

Tafiya ci-rani ba laifi ba ce. Tun kaka da kakanni mutanenmu suna tafiya biɗa bayan an gama aikin gona. Mai ci-rani shi ya san inda za shi, shi ke riƙe da kuɗinsa, in ya ga dama ya dawo gida. Wanda aka yi fataucinsa kuwa, wani ne ke riƙe da takardunsa, da kuɗinsa, da bakinsa.

Mi doka ta ce?

A ƙasarmu Nijar, doka mai lamba 2010-86 ta ranar 16 ga Disamba 2010 ta haramta fataucin mutane. Wanda ya yi fataucin babban mutum, ɗaurinsa shekara 5 zuwa 10 a gidan kaso. In yaro ne, shekara 10 zuwa 30. A watan Nuwamba 2023 gwamnati ta soke dokar 2015 wadda ta shafi masu jigilar baƙin haure. Wannan sokewa ba ta taɓa dokar fataucin mutane ba. Kada wani ya ruɗe ku da cewa yanzu kome ya halatta.

Direbobi da masu masauki, ku lura da kyau. Wanda ya san abin da ake ciki, kuma ya ɗauki mutanen a motarsa ko ya ba da ɗaki a ɓoye su, shi ma ya shiga cikin laifin.

Abin ya taɓa mu

A 2013 motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Aljeriya. Suka lalace a cikin hamada, ruwa ya ƙare. An tsinci gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen kudu ne, daga yankin Kance a jihar Damagaram. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana 3. A irin wannan tafiya akwai masu karɓar yara daga hannun iyayensu da alkawarin za su riƙa aiko kuɗi, su kai su bara a biranen waje. A watan Maris 2022 ma, an kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar daga birnin Dakar na Senegal inda suke bara, cikinsu da yara da yawa.

Akwai kuma sayen ƴan mata da sunan wahaya. Hadizatu Mani, daga yankin Ƙonni, tana da shekara 12 aka saida ta a 1996. Da ta girma ta kai ƙara. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta ba ta gaskiya, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Don mi masu aikin bakin hanya?

Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Aderbisanat. Daga Agadas zuwa Arlit wajen 240. Ba mai yin wannan tafiya bai ci ba, bai sha ba, bai kwana ba. Mai fataucin mutane yana iya kauce wa shingen jandarma, ya bi ta daji. Amma dole ya tsaya ya sayi abinci, ya sha mai, ya gyara taya, ya nemi wurin kwana. A nan ne ku kuke ganin abin da hukuma ba ta gani.

Wasu ƙasashe sun gane haka. A Amurka, a 2009 aka kafa wata ƙungiya don koya wa direbobin manyan motoci da ma'aikatan wuraren da suke hutawa yadda za su gane wanda aka yi fataucinsa. Ana ba su ƙaramin kati su sa a aljihu, an rubuta alamomin da lambar da za su kira. Darasin ba shi da wuya. Mu ma muna iya koyonsa.

Alamomin da za a lura da su

1. Babba ɗaya da yara da yawa, kusan tsara ɗaya, ba su yi kama da juna ba. In an tambaye shi sunayensu sai ya yi ta inda-inda.

2. Matafiyi bai san garin da za shi ba, bai san aikin da zai yi ba, bai san nawa za a biya shi ba.

3. Ka yi wa yarinya magana, wani ya yi caraf ya amsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, tana satar kallonsa da tsoro.

4. Mutum ɗaya ke riƙe da katin shaida na kowa, da takardun haihuwa, da kuɗi, da salula.

5. An bar mutane kulle a mota ko a ɗaki, ana kai musu abinci can. Ko bayan gida za su, sai da ɗan rakiya.

6. Alamun duka, ko yunwa, ko rashin lafiya, kuma jagoran ya ƙi a kai su likita.

7. A otal: an kama wa yarinya ɗaki, ba ta fita, maza daban-daban suna shiga suna fita, wani ne ke karɓar kuɗin.

8. Kuka ji mutum yana cewa ba zai iya komawa gida ba sai ya biya bashin kuɗin mota da na abinci, bashin kuwa kullum ƙaruwa yake.

Alama ɗaya ba ta isa a zargi mutum ba. Uwa tana tafiya da ƴaƴanta, malami yana tafiya da almajiransa da sanin iyayensu. Amma in alama biyu ko uku suka haɗu, to a buɗe ido. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

In kun ga alama, mi za ku yi?

Kada ku tari mutumin da faɗa. Kada ku tara masa jama'a, kada ku duke shi. Yana iya gudu da mutanen, ko ya huce a kansu, ko ya cuce ku. Kama mai laifi aikin hukuma ne.

In kuka sami wanda kuke tausayi shi kaɗai, ku yi masa magana da taushin murya. Mai tuwo tana iya ce wa yarinya: «Ɗiyata, daga wane gari kike? Ina za ki? Iyayenki sun sani? In kin so komawa gida za a bar ki?» In ta yi shiru, kada a matsa mata. Tsoro ne ya rufe bakinta.

Ku riƙe abin da kuka gani. Wanda ya iya rubutu ya rubuta lambar mota, da launinta, da yawan mutanen, da lokacin da suka zo, da hanyar da suka bi. Lambar mota ɗaya da aka rubuta daidai ta fi dogon labari amfani.

Sannan ku kai labari nan da nan, tun motar ba ta yi nisa ba. Ku je wurin jandarma ko ƴan sanda mafi kusa. Lambar ƴan sanda ita ce 17. In ba su kusa, ku gaya wa mai gari, ko hakimi, ko magajin gari, ko shugaban sandika na tasha. Ku faɗi abin da idonku ya gani kawai, ba ƙari, ba ragi. Kada ku baza zancen a kasuwa.

Ina ake kai waɗanda aka ceto?

Wanda aka yi fataucinsa ba shi ne mai laifi ba, shi aka cuta. Gwamnati tana da hukumar yaƙi da fataucin mutane, ANLTP, ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. A 2019 aka buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a birnin Damagaram, don su sami wurin kwana, da abinci, da magani, kafin a maida su ga danginsu. An kuma ware ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don faɗakar da jama'a a kan wannan masifa.

Ƴan'uwa, ku karanta wa abokan aikinku alamomin nan guda 8. Shugabannin tasha su tara direbobi da yaran mota. Masu otal su zauna da ma'aikatansu. Mata masu abinci su gaya wa juna. Ku shirya tun yau wanda zai riƙa kai labari, da wurin da zai kai shi. Iyaye kuma, kada ku ba da ɗanku ga wanda ba ku san inda zai kai shi ba, kome daɗin bakinsa. Rigakafi ya fi magani.