Peugeot 404 da 504: wace ce ta fi dacewa da hanyoyin karkara?

A tasoshin mota na Maraɗi, Damagaram da Tawa, har yanzu ba a rasa tsohuwar Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo, tana jiran fasinja ko buhunan gero ranar kasuwa. Biyu ne suka yi fice a cikinsu, 404 da 504, kuma tsofaffin direbobi ba su gama gardama a kansu ba.

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, da inji mai lita 1.6, kuma gudunta bai wuce wajen kilomita 140 a awa ba. Ita kuwa 504 ta fito a 1968 da inji mai lita 1.8, aka ƙara shi zuwa lita 2 a 1970, gudunta ya kai wajen kilomita 160. A 1969 ta lashe kambun motar shekara ta Turai. Dukansu tayoyin baya ne ke tura su, kuma kowace tana da mai shan fetur da mai shan gazuwal.

Bambancin da fasinja ke ji a jikinsa yana ƙarƙashin mota. A 404, ƙarfe ɗaya ne ya haɗa tayoyin baya, idan ɗaya ta faɗa rami sai motar duka ta girgiza. A ƙaramar 504 ta farko kuwa kowace taya tana motsi ita kaɗai, shi ya sa ta fi laushi a hanya mai gargada. Amma doguwar 504 mai kujeru layi uku, wadda ake haya da ita, an bar mata ƙarfen haɗin saboda nauyin kaya.

Wajen juriya babu ta yarwa. A tseren Safari na gabashin Afirka, 404 ta yi nasara sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. 504 ta ɗauka a 1975, sannan samfurinta mai ƙofa biyu ya maimaita a 1978.

Sai dai ga wanda ke cin abinci da mota, kayan gyara ne ke raba gardama. An daina ƙera 404 a Kenya tun 1991, ita kuwa 504 an ci gaba da haɗa ta a Kaduna har wajen 2006. Wannan ne ya sa kayanta suka fi samuwa a kasuwannin Kano da Katsina, daga can su shigo Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa. Mai 404 sau da yawa sai ya fasa wata matacciya kafin ya tayar da tasa.

Kanikawa na yaba 404 saboda sauƙin injinta, babu kwamfuta, da sifana da sukudireba ake gyara ta a bakin hanya. Amma direban da motarsa za ta kwana uku a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya, iyalinsa ne ke biyan kuɗin. A nan 504 ta sha gaba.